Ɗigon Fenti a Ƙarƙashin Motar Rakan

Ni ban taɓa mallakar mota ba, kuma ban yi nadama ba. Amma an taɓa ɗaukata daga garinmu Mafraƙ har babban birni Amman don in ɗora fuskata, wato mutuncina, a kan wani inji da ya mutu. Na shiga tsakanin mutane a rikicin gona, na shiga a na aure, na shiga a na jini, amma ban taɓa zaman da ya yi mini nauyi kamar na ranar nan ba.

Rakan ɗan maƙwabcina ne, marigayi Khalaf. Da ubansa ya rasu ya bar masa tumaki, sai yaron ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a bayan garke ba. Ya sayar da su kakaf, ya sayo a-kori-kura sabuwa fil, fara sol, yana kwaso tumatir da kokwamba daga gonakin gabas yana kaiwa babbar kasuwar Amman. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce garkensa, ba shi da wani abu bayanta. Kamfanin da ya sayar masa ya ba shi garanti: in inji ya lalace cikin wasu shekaru, za su sa masa sabo, ba zai biya komai ba. Sharaɗi ɗaya ne. Kada wani hannu ya taɓa cikinta sai nasu, ko da juyen mai ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Surukin Rakan, uban matarsa Nawal, shi ne Awwad, wanda muke kira Abu Mithƙal, wato uban Mithƙal, da sunan babban ɗansa. Duk direban da ya yi furfura a Mafraƙ ya taɓa kwana da motarsa a ƙofar Awwad. Mutum ne da zai ji mota ta wuce a titi, yana tsakiyar shan shayi, ya ce, "Ku gaya wa mai wannan ya zo kafin ta kunyata shi." Tsufa ya sa ya rufe garejinsa na kasuwa, amma ramin gyaran da ya haƙa a tsakar gidansa yana nan, ƙarƙashin rumfar inabi, da kayan aikinsa a rataye.

Ranar da Rakan ya kawo motar a sa mata albarka ina wurin. An yanka rago, maƙwabta sun taru, mata na guɗa. Awwad ya zagaya ta, ya shafa gefenta, sannan ya kai hannu zai buɗe gaba ya ga inji. Sai Rakan ya ɗora tafinsa a kan murfin.

"Baffa, ka yi haƙuri. Sun ce kada kowa ya buɗe."

"Kowa?" in ji Awwad. "Ni ne kowa?"

"Ba haka nake nufi ba, Baffa. Dokarsu ce."

Hajji Salama, abokinmu da bakinsa ba ya da linzami, ya kwashe da dariya. "Abu Mithƙal, ka ba shi 'yarka bai hana ka ganinta ba, amma amaryar nan ta kamfani ce, ba muharraminta ba ne kai!"

Kowa ya yi dariya. Awwad ma ya yi, amma ta leɓe ce. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu, bai sake fito da shi ba har aka watse. Ni na ga haka, na kuma san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Tun daga nan duk lokacin sabis Rakan ya kan kashe yini guda ya tafi Amman, ya zauna a ɗaki mai sanyi ana ba shi shayi, a dawo masa da mota an wanke ta. Awwad kuwa in an taɓo zancen sai ya ce, "Mutanen da suka rubuta lokacin juyen nan ba su taɓa bin hanyar gonakinmu ba. Man da ya sha ƙasar nan ba ya kai wa'adinsu." Rakan ya ce, "Su suka ƙera ta, Baffa." Shi ke nan, sai a canza magana.

Abin da zan faɗa yanzu ban san shi ba sai daga baya, daga bakin Fidda matar Awwad.

Wata Juma'a Rakan da Nawal suka je cin abinci gidan, kamar yadda suka saba. Rana ta yi zafi, sai Rakan ya shigar da motar ƙarƙashin rumfar inabi, daidai kan ramin gyara, ya bar makulli a jiki. Aka ci mansaf, shinkafa da naman rago da romon busasshen nono, wanda ba ya barin mutum a tsaye. Rakan da ya kwana biyu a kan hanya ya miƙe a zaure, barci ya kwashe shi. Awwad ya fita tsakar gida. Da farko kallo kawai yake yi. Sannan ya buɗe gaba, ya zaro sandar awon mai, ya murza man a tsakanin yatsunsa. Baƙi ƙirin. Fidda ta leƙo ta taga ta ce, "Kai, dattijo, ba an hana ka ba?" Ya ce, "Motar da ke ɗaukar abincin 'yata ce." Ya shiga ɗakin kayansa ya ɗauko galan na mai mafi kyau, wanda ya sayo ya ɓoye tun makonni, ya sauka rami, ya kwance noti, ya zubar da tsohon, ya ɗura sabo. Ya goge ko'ina tas. A kan notin akwai wani ɗigon fenti ruwan ɗorawa, bai kai girman ƙwayar wake ba, wanda ya haɗa notin da jikin inji. Da ya juya sifana ɗigon ya rabe biyu. Ya gani, bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ana tsakiyar kakar tumatir, gonaki sun yi ja, kowane manomi na neman mota, sai injin ya buga a kan hanya, kusa da garin Zarƙa, da kaya cike a baya. Tumatir ya narke a rana. Aka ja motar zuwa kamfani. Rakan bai damu sosai ba, yana cewa, "Ai saboda irin wannan rana na yi ta jigila." Bayan 'yan kwanaki suka kira shi suka ce babu garanti. An taɓa motar a waje.

Ya zo zaurena da la'asar, idanunsa sun faɗa, Awwad na biye da shi kamar inuwa.

"Baffa Abu Hayil," in ji Rakan, "sun yi mini ƙazafi. Wallahi ko ruwan lagireto ban taɓa ƙarawa da hannuna ba. Na yi magana da na ƙasa, na yi da na sama, kowa sai ya ce doka. Ina so ka je mini."

"In je in ce me? Ni na san inji?"

"Ba inji za ka yi wa magana ba. Manajan ɗan mutane ne, daga garin Salt yake. Ba zai mayar da dattawa ba."

Na gane abin da yake nema. Tawaga yake so, irin wadda muke yi in za a nemi aure ko a kashe wutar rikici: dattawa su je gidan mutum, a zuba musu gahawa, su ajiye ba su sha ba sai an biya musu bukatar da ta kawo su. Hajji Salama da ke gefe yana jan carbi ya ce, "Tawaga a kan inji! Allah ya kai mu ranar da za a ɗauke mu neman auren firji."

Na ce wa Rakan, "Dubi idona. Ba wanda ya taɓa motar nan?"

"Na rantse da wanda ya karɓi ran ubana."

Yaro ne da ban taɓa kamawa da ƙarya ba. Awwad kuwa ba wanda zai yi tunanin tambayarsa, tun da gari duka ya san ko madubi an hana shi gyarawa. Yana zaune kansa a ƙasa, yana kallon tafin hannunsa. Na ɗauka baƙin cikin 'yarsa ne. Na ce, "To, gobe bayan asuba."

Muka tafi mu biyar: ni, da Hajji Salama, da wani ƙanen uban Rakan mai suna Nayif, da Awwad, da Rakan. Kowa ya sa alkyabbarsa ta zuwa gaban manya. A hanya Salama ya yi ta zuba, yana cewa in an ba mu sabon inji shi ma zai roƙi a canza masa gwiwoyi. Awwad kuwa yana kallon taga. Sau ɗaya ya buɗe baki ya ce, "Abu Hayil," da na waiwaya sai ya ce, "Ba komai. In ce ko roƙo kawai za mu yi?" Na ce, "Me kuma za mu yi, yaƙi?" Ya mayar da fuskarsa ga taga.

Kamfanin gini ne na gilashi, ƙasa na sheƙi har mutum na tsoron takawa. Samari masu kwat da ɗaurin wuya suka tsaya suna kallonmu. Ɗaya ya zo da murmushi ya ce, "Wace irin mota Alhazai ke so?" Salama ya ce, "Wadda kuka kashe." Aka hau da mu sama.

Manajan, Ustaz Tariƙ, wanda ake kira Abu Yazan, mutum ne da bai wuce sa'ar babban ɗana ba, da kwat da tabarau. Yana ganin alkyabbu huɗu a ƙofa, da Rakan a baya, fuskarsa ta sauya. Ya baro bayan teburinsa da sauri, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya zaunar da mu. Bai kira kowa ba. Da kansa ya ɗauko butar gahawa da hagu, finjali a dama, ya zuba ya miƙo mini. A nan na san lalle an yi masa tarbiyya.

Na karɓa. Na ajiye a kan tebur.

Ƙarar finjalin a kan gilashi ba ta da yawa, amma kowa ya ji ta. Abu Yazan ya tsaya da buta a hannu. Ya dubi finjalin, ya dube ni.

"Baffa," in ji shi a hankali, "nan ofis ne."

"Na ga mutum a cikinsa, shi ya sa na zauna."

Ya sauke numfashi, ya ajiye butar, ya je ya rufe ƙofa. Ya dawo ya zauna a gabana, ba a kujerarsa ta manaja ba. "Sha gahawarka, Baffa. Abin da ke hannuna naka ne."

"Ka fara jin abin tukuna. Ba na son in ɗaure ka da igiyar da ba ka gani ba."

Na yi magana kamar yadda ake yi. Na ambaci gidansu da alheri, na ambaci uban Rakan, na ce maraya ne da ya sayar da gadonsa ya amince da sunanku, bai taɓa tsallake sabis ba, yau kuma kun kira shi maƙaryaci. Na ce bukatarmu ɗaya ce, a cika masa alkawarin da aka yi masa.

Abu Yazan ya saurara har na gama. Sannan ya ciro wayarsa ya nuna mini hoto. Ni ban ga komai ba sai ƙarfe da datti. Ya sa yatsa. "Ka ga wannan ɗigon? Duk lokacin da muka yi juye, ma'aikacinmu na ɗiga fenti a kan notin. In mota ta dawo fentin na haɗe, mun san mu kaɗai muka taɓa. Wannan a rabe yake."

"Saboda kashin ƙuda za ku hana mutum inji?" in ji Salama.

"Hajji, ba ni na ƙera motar ba. Masu ita suna ƙetaren teku. Ni rahoto nake aika musu, su ke biyan injin. Ba su san gahawa ba, ba su san Abu Hayil ba. Tambayarsu ɗaya ce: an taɓa ko ba a taɓa ba."

"Ba a taɓa ba!" in ji Rakan, ya miƙe tsaye. "Sau nawa zan rantse muku?"

"Zauna," na ce masa. "In manya na magana ba a tsayawa a kansu."

Ya zauna. Turirin da ke tashi daga finjalin ya fara raguwa, kuma dukanmu shi muke kallo. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in dattawa suka fita suka bar gahawa ta huce a gidanka. Kafin magariba maganar ta kai Salt, ta kai kunnen ubansa. Abu Yazan ya cire tabarau ya murza idanu.

"Kun sa ni a tsaka mai wuya," in ji shi. "Bari in faɗa muku abin da ba na faɗa wa kowa. Akan samu tsakuwa ta daki notin ta fasa fenti, musamman motocin gona. Ba kasafai ba, amma akan samu. Ina da ikon in rubuta cewa haka ne ya faru, kuma za su karɓa. Amma injin da aka cire can ake aika shi. In suka buɗe suka ga man da ke ciki ba irin namu ba ne, ni za a kora, kuma ba kamfanin da zai sake ɗaukata a garin nan."

"To rubuta," in ji Nayif. "Yaron ya rantse."

"Rantsuwar mai kaya daban. Kullum ana rantse mini a kujerar nan, har da masu kuka." Ya juyo gare ni. "Amma kai, Baffa, na san sunanka tun ina yaro. In ka ce mini maganar nan a fuskarka take, ba hannun da ya taɓa motar, zan rubuta yanzu, in ɗora abincin 'ya'yana a kan kalmarka. Ka faɗa, ka sha gahawarka."

Ba ƙaramin abu ya nema ba. In na ɗora magana a fuskata na sha a kai, ta zama tawa. In ta fito ƙarya, yana da haƙƙin ya baƙanta sunana a kowane zaure daga nan har kudu, kuma ba mai sake kirana in shiga tsakanin ko da yara biyu ne. Magana zarar bunu ce. Na juya na dubi Rakan.

"Ka ji abin da aka ɗora. Ba injinka kaɗai ba ne yanzu. Ina sake tambayarka, kuma ba kunya in ka canza. Ko wani a tasha, ko a gona, ko wani abokinka da ka ba aro?"

"Babu, Baffa. Makullin nan ko matata ba ta riƙe shi. In na yi ƙarya kada Allah ya mayar da ni gida."

Idonsa bai kaɗa ba. Gaskiya yake faɗa iya saninsa, kuma na gan ta a fuskarsa. Na ce, "Bismillahi," na miƙa hannu na ɗauki finjalin. Ya riga ya yi sanyi a yatsuna. Na ce, "Abu Yazan, maganar nan a fus..."

Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Damƙa ce ta mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kwance ƙarfe, har gahawar ta fantsalo mini a alkyabba.

"Ajiye, Abu Hayil."

Awwad ne. Bai dube ni ba, bai dubi kowa ba.

"Ajiye, na ce. Ni na taɓa ta."

Na ajiye finjalin.

"Baffa," in ji Rakan, muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, "me kake faɗa?"

"Ranar Juma'ar da ka yi barci a zaure. Na juye mata mai. Man ya mutu, na ji shi a hannuna. Na sa mata mai kyau, wanda ya fi nasu."

Rakan ya yi wata 'yar dariya mara daɗin ji. Ya juya ga manaja da sauri. "Ustaz, tsufa ne. Kwanakin nan yana rikicewa, tambayi kowa. Wata motar yake nufi. Baffa, ta Mithƙal kake nufi, ko ba haka ba? Ce musu ta Mithƙal ce."

"Taka ce, ɗana."

"Ustaz, ba ka ji ba. Don Allah ka ce ba ka ji ba. Ƙofa a rufe take."

Abu Yazan ya sunkuyar da kai. "Da kunnena kaɗai ne, ɗan'uwa, da wataƙila. Dubi mutanen da ke zaune."

Nan Rakan ya juya kan surukinsa, kuma ban taɓa jin ya ɗaga masa murya ba sai ranar. "Ka yi shiru ranar da ta mutu a hanya. Ka yi shiru ina yawo ofis ofis ina rantsuwa kamar mahaukaci. Jiya a zaure na rantse da wanda ya karɓi ran ubana kana zaune, ka yi shiru. Duk wannan shirun ka iya, sai na kurɓa ɗaya ne ya gagare ka? Kurɓa ɗaya, Baffa!"

"Rakan!" in ji Nayif. "Uban matarka ne."

"Na sani! Da wani ne da na san abin da zan yi masa!"

Awwad ya ɗago kai a karon farko. Idanunsa sun yi ja. "Na ɗauka roƙo za a yi, a ji kunyar dattawa a ba ka. Ban san shaida za a nema ba. Na cuce ka, ban musa ba. Amma ba zan haɗa da fuskar mutumin nan da abincin 'ya'yan wancan ba. Ɓarna ɗaya ta ishe ni ɗauka."

Can sai Awwad ya dubi manaja, ya yi tambayar da na san ita ke cin sa tun ranar da motar ta tsaya. "Ɗana, gaya mini tsakaninka da Allah. Man ne ya kashe ta?"

"Ban sani ba, Baffa. Ba mu buɗe ba. Mai yiwuwa ba shi ba ne sam, mai yiwuwa da ciwonta ta zo. Dokar ba ta tambayi abin da ya kashe ta ba."

Da ya ce masa i, ina jin da ya fi masa sauƙi.

Salama ya gyara murya ya ce, "To, Abu Yazan, ko rabi? Kai ma ka ga ba mugunta aka yi ba. Garin gyaran gira ne." Manajan ya buɗe hannuwansa, ya dube ni, kamar mai jiran hukunci. Har yanzu finjalin na gabana, kuma har yanzu wuyansa na cikin igiya. In na tashi na bar shi, na kunyata mutumin da ya yarda ya sa kansa a wuta saboda kalmata.

Na ce, "Salama, bari. Ba a sauya bukata a tsakiyar zama, ba kasuwa muka zo ba. Abu Yazan, mun zo da bukata a kan wata magana. Maganar ta faɗi, bukatar ta bi ta. Ba mu da komai a wuyanka. Fuskarka fara ce, kuma zan faɗi haka a duk inda na zauna. Zubar da wannan, ka zuba mana sabuwa, mu sha ta baƙi."

Ya tashi ya zuba. Na sha, Salama ya sha, Nayif ya sha. Awwad ya karɓa da hannu biyu. Da aka miƙa wa Rakan sai ya tashi ya fita, ya bar ƙofa a buɗe.

Muka same shi a bayan ginin, inda ake ajiye motocin da suka mutu, yana tsaye kusa da tasa. Har yanzu bayanta na warin ruɓaɓɓen tumatir. Abu Yazan ya biyo mu, ya ce abin da zai iya kawai shi ne ya ba da janwen kamfani ya kai ta duk inda ake so. Aka ɗaure ta, aka ja ta sama. Direban janwen, wani Bamisire mai ƙaton ciki, ya leƙo ta taga yana taunar 'ya'yan kankana.

"Ina za a sauke ta, jama'a? In Zarƙa ne ku faɗa tun yanzu, akwai masu gyara a can. In Mafraƙ ne kuma in sha mai."

Ba mai ikon amsawa sai mutum ɗaya. Awwad na tsaye nesa kaɗan, alkyabbarsa ta zame daga kafaɗa ɗaya bai gyara ba. Rakan na kallon tayar motar. Na san abin da ke cikin kalmar Zarƙa. In ya faɗe ta, ya gaya wa duniya ya gwammace baƙo a kan uban matarsa, kuma Nawal ce za ta kwana tsakanin gida biyu da ba sa gaisawa. Na so in yi magana, na kame bakina. Akwai kayan da ba a taya mutum ɗauka.

"Ƙanena," in ji direban, "rana na yi."

Rakan ya share fuskarsa da gefen rawaninsa. Bai waiwaya ba.

"Mafraƙ," in ji shi. "Ƙofar Abu Mithƙal. Shi ya fara, shi zai ƙarasa."

Ya kama ƙarfe ya haye gaban janwen, ya ja ƙofa ya rufe. Mu muka koma motar da ta kawo mu. Muna wuce Zarƙa, janwen na gabanmu, sai na ji Awwad na gunguni shi kaɗai. Na kasa kunne, na zaci istigfari yake yi. Ashe sunayen masu sayar da kayan inji yake jerawa, wanda ya mutu da wanda ke raye, da wanda zai yarda ya buɗe masa shago yau kafin magariba.